Kwalliyar kullum daban, ta biki daban

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ku ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana mata, har da mazan da ke ciro kuɗin kayan shafa daga aljihunsu, a kan kwalliyar da ake fita da ita kullum, ta zuwa makaranta, ofis, kasuwa ko barka a maƙwabta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda 'yan mata suka koma koyon kwalliya daga bidiyon waya, inda abin da ake nunawa galibi kwalliyar amare ce ko ta matan ƙasashen sanyi. Ita kwalliyar amarya an tsara ta ne don awa huɗu zuwa biyar, a zauren biki mai sanyi, a gaban kyamara da fitilu. Wadda za ta shiga adaidaita sahu da tsakar rana a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, ta kuma yi alwala sau biyu kafin ta koma gida, buƙatarta daban ce. Idan ta laɓta abin da aka laɓta wa amarya, kafin azahar fuskar ta dame, bayan kwana uku kuma ƙuraje su biyo baya.

Fata ce tushen abin duka, kuma yawancin ɓarnar a banɗaki ake yin ta. Fatar fuska tana da ɗan tsami-tsami na halitta da wani siririn maiƙo da ke riƙe mata ruwa, yake kuma hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. A ma'aunin da masana ke kira pH, fata tana wajen 5, sabulun wanka na sanda kuwa yakan kai 9 zuwa 10, wato ya karkata ɓangaren kanwa da toka. Shi ya sa bayan an wanke fuska da shi ake jin ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Da yawa na ɗaukar wannan ɗaurewar a matsayin alamar tsabta, alhali maiƙon da ke kare fatar ne aka kwashe. Sau biyu a rana ya wadatar, safe da dare, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda ba ya ƙona hannu, da tafin hannu kawai, na tsawon minti ɗaya. Soson wanka na jiki ne, kada ya hau fuska. Sabulun salo yana da kyau, musamman ga mai maiƙon fuska, amma da toka ake yin sa, don haka yana da kaifi. A murza shi a hannu har ya yi kumfa, kumfar za a kai fuska, ba dunƙulen ba, kuma da hunturu a rage shi zuwa sau biyu ko uku a mako. Sabulu mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan maganin nan da ake ɗigawa a bokitin wanka, ba su da aikin yi a fuskar da lafiyarta ƙalau.

Wankin dare ya fi na safe muhimmanci. Hoda da gumi da ƙurar hanya sun wuni suna cakuɗuwa, kuma kayan kwalliya da dama ruwa kaɗai ba ya narkar da su. A fara da man goge kwalliya, in babu a ɗiga man zaitun kaɗan a auduga, a ɗora a kan ido da leɓe na daƙiƙa goma kafin a share a hankali, sannan a wanke fuskar gaba ɗaya da sabulu mai laushi don man ma ya fita. Jiƙaƙƙen hankicin goge fuska da ake sayarwa a leda yana da amfani a tafiya, amma dattin yake shafewa daga kunci zuwa goshi, bai maye gurbin ruwa ba.

Mai kuma a shafa shi fata tana da sauran danshi, cikin minti uku da fitowa daga wanka. Aikin mai shi ne ya kulle ruwan da ke jikin fata, in an bari ta bushe ƙarau babu abin da zai kulle. Wannan ya fi tsanani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a garuruwanmu. Masu shafa gilisirin tsagwaronsa da hunturu su lura: shi janyo ruwa yake yi, idan babu ruwa a iska sai ya bar fata da danƙo, ƙura ta manne. A sirka cokali ɗaya da cokali huɗu na ruwa mai tsabta, a haɗa kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana biyu ko uku don kada ya lalace, a shafa, sannan a bi da man kaɗanya ko wani mai mai kauri a sama. Man kaɗanya ɗanye, wanda ba a cuɗa shi da komai ba, yana cikin mafi kyawun abin da muke da shi, kuma ga fuska kwatankwacin ƙwayar wake ya isa, a narkar da shi a tafin hannu tukuna. Man kwakwa a bar wa jiki da gashi, yana toshe ƙofofin fatar fuska ga masu saurin fesowar ƙuraje. Basilin na leɓe ne da diddige da gwiwar hannu. Da bazara ta shigo, a ajiye masu kaurin nan, a koma mai mai ruwa-ruwa. Mai maiƙon fuska ma tana buƙatar mai, sai dai mara nauyi.

Akwai abu ɗaya da muka raina, wato man kariya daga rana. Ana cewa baƙar fata ba ta ƙonewa, kuma gaskiya ne tana da kariyar da farar fata ba ta da ita. Amma damuwarmu ba ƙuna ba ce, tabo ne. Duk wurin da ƙurji ya fito ya warke, ko inda aka sosa, rana na ƙara masa duhu, haka nan shatin duhun da ke fitowa a kumatu da goshin mata masu ciki ko masu shan maganin tazarar haihuwa. Wadda ke kashe kuɗi a kan maganin tabo ba ta kare fuskarta daga rana, ɗiban ruwa take yi da kwando. A nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka a jikinsa. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, mai lamba 50 kuma kusan kashi 98, don haka bambancin bai kai a biya ninkin kuɗi ba. Inda ake kuskure shi ne yawan da ake shafawa. A matso shi a tsawon yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, daga tushe zuwa ƙarshe, wannan ne na fuska da wuya. A shafa minti 15 kafin a fita, in za a daɗe a rana a sake bayan awa biyu ko bayan an wanke fuska. Wasu suna barin fari-fari kamar an shafa toka, musamman masu sinadarin zinc oxide, don haka a gwada a bayan hannu kafin a saya, ko a nemi mai ɗan launin ƙasa. Wadda kuɗinta bai kai ba, lema da bin inuwa tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma ba ƙaramin taimako ba ne.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato man bilicin, wanda yanzu aka sauya masa suna. Ba a cewa bilicin kuma, sai a ce man gyaran fata, ko haɗin amare, ko a ce na gargajiya ne ba shi da sinadari. Ana zuba shi a roba marar suna, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar hukumar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Duk man da ya sauya wa mace launi cikin mako ɗaya ko biyu, to akwai ɗaya daga abu uku a cikinsa, ko ma duka ukun.

Na farko shi ne sitiroyid, maganin da likitoci ke rubutawa na 'yan kwanaki don ƙaiƙayi da kumburin fata. A jikin bututun za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, kuma shi ne ake matsewa cikin man shafawa, har cikin na jarirai, abin takaici. Yana haskaka fata da sauri domin yana matse ƙananan jijiyoyin jini yana kuma rage aikin ƙwayoyin da ke samar da launi. Bayan watanni fatar ta sirance, korayen jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsage a damtse da cinya wadda ba ta komawa, ƙuraje da ƙyasbi da makero su samu gida, gashi ya fito a haɓa. Ciwo ba ya saurin warkewa, shi ya sa ɗinki ke wahalar kamawa a irin wannan fata bayan tiyatar haihuwa. Wadda ke shafe jikinta gaba ɗaya da shi shekara da shekaru, maganin yana shiga jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Na biyu shi ne haidirokwinon, wanda ake rubutawa hydroquinone a jikin kwali. Likitan fata na iya ba da shi na ɗan lokaci a kan tabo kaɗai. Amma shafa shi kullum tsawon shekaru a ƙarƙashin ranarmu yana haifar da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu da gefen ido da bayan wuya, irin wanda ake cewa man ya ƙona ta. Wannan tabon a can cikin fata yake, yana da wuyar magani ƙwarai, kuma ƙara man ƙara shi yake yi. Na uku shi ne zaiba, wato mercury, wadda ake sakawa a wasu sabulai da mayuka, ita kuma ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa take taɓawa, tana kuma isa ga jariri ta ciki da ta nono. Dokar NAFDAC ta hana zaiba da sitiroyid a kayan shafa, a shekarar 2023 kuma shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana a wani taro a Kano cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Ghana ma ta hana shigo da kayan shafa masu haidirokwinon tun 2016.

Abin da ba a cika faɗa wa mata ba shi ne yadda ake dainawa. Da yawa sun so su bari, amma kwana huɗu da ajiye robar sai fuska ta yi ja, ta yi zafi kamar an zuba barkono, ƙuraje su feso, launi ya dawo har ya fi na da duhu. Sai ta tsorata ta koma. Wannan borin fata ne da ta saba da sitiroyid, yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, amma yana wucewa. Wadda ta daɗe tana shafa shi a duk jiki kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya rage samar da nasa sitiroyid ɗin na halitta, yankewar farat ɗaya na iya kwantar da ita. Ta ɗauki robar ta je asibiti da ita, a tsara mata yadda za ta riƙa ragewa. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da na Maiduguri, suna da likitocin fata. A tsawon wannan lokaci abu uku kawai fuskar ke buƙata: wanki mai laushi, mai marar turare, da kariya daga rana. Su kuma maza da iyayen miji da ke yaba fara a gaban baƙa, su san da hannunsu a cikin wannan ciniki.

Haɗe-haɗen kicin ma ba duka ne ke da aminci ba. Lemun tsami yana da kaifin da ya kai 2 a ma'aunin da na ambata, kuma idan ruwansa ya taɓa fata aka shiga rana yana iya barin ƙuna da baƙin shati. Man goge baki a kan ƙurji, da kanwa, da ɗanyar tafarnuwa, duk ƙona wurin suke yi su bar tabon da ya fi ƙurjin daɗewa. Zuma da nono marar tsami sosai ba su da wata illa in an shafa na minti goma aka wanke, sai dai kada a sa ran za su yi abin al'ajabi. Kurkum yana rina fata da ɗankwali, a sa kaɗan.

Mai fama da ƙuraje ta nemi abu ɗaya ta riƙe shi. A kantin magani akwai benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5, da salicylic acid mai kashi 2. A fara da sau ɗaya bayan kwana biyu, da dare, siriri a duk wurin da ƙurajen ke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya kawai ba. Na farkon yana kore launin tufafi, don haka a yi hattara da hijabi da rigar matashi masu launi. Sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a yanke hukunci ko yana aiki, domin fata na ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. Masu sauya magani duk mako ba za su taɓa sanin wanda ya karɓe su ba. Ga tabo, niacinamide mai kashi 4 zuwa 5 ko azelaic acid suna rage duhun wurin ba tare da sun sauya launin sauran fuskar ba. Mai ciki ko mai neman ciki ta nisanci maganin ƙurajen da ake kira tretinoin da danginsa. Kowane sabon abu a gwada shi a bayan kunne na kwana biyu tukuna. Idan ƙurajen a goshi da gefen fuska suka tsaya, a duba man kitso da hular da ake sawa a ƙarƙashin hijabi: man gashi yana gangarowa da gumi, hular kuma tana jiƙewa da shi. A wanke ta bayan kwana biyu, rigar matashi kuma duk mako. Matsa ƙurji, ko ba a faɗa ba, shi ne uban tabo.

Ita kwalliyar kanta, ta kullum ba ta wuce minti goma. Bayan mai da man kariya, a jira minti biyar su shige. Wanda ya yi gaggawar ɗora hodar ruwa, wato fandeshan, a kan man da bai shige ba, zai ga tana murmushewa kamar dattin wanka. Wajen saye, kada a gwada launi a bayan hannu ko a cikin hasken kanti. A ja layi uku na launuka mabambanta daga muƙamuƙi zuwa wuya, a fito waje, a jira minti goma zuwa sha biyar, domin da yawansu suna ƙara duhu ko ja idan sun haɗu da iska da maiƙon fata. Wanda ya ɓace a jikin fatar shi ne naki. Zaɓen wanda ya fi ki haske shi ke sa a ga fuska fara wuya baƙi, a hoto kuma ta yi toka-toka. Kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ya ishi fuska. A ɗiɗɗiga a tsakiya, gefen hanci da kumatu da haɓa, a bi da soson kwalliya da aka jiƙa aka matse sosai, ana dannawa ba gogawa ba, ana yi waje-waje har ya ƙare kafin a kai bakin hijabi. Barin yatsa ɗaya tsakanin kwalliya da bakin hijabi yana rage wanki. A gaskiya mafi yawan mata ba sa ma buƙatar fandeshan kullum. Ɗan konsila, wato mai rufe tabo, a kan tabo biyu ko uku da ƙasan ido, a danna da ɗan yatsa, a bi da hoda, shi ke nan.

Hoda a goshi da hanci da haɓa take da aiki, nan ne maiƙo ke tsatsowa. Da rana in fuska ta yi ƙyalli, kada a ɗora hoda kai tsaye a kan gumi, yin haka ke sa ta dunƙule ta tsattsage a gefen hanci da baki. A danna tishu a hankali ya tsotse maiƙon, sannan a bi da hoda kaɗan. Da hunturu a rage ta ƙwarai, tana fito da duk inda fata ta bushe. Gira kuma, jagira mai ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa wuluk kyau ko a baƙar fata. A taje girar sama da ɗan buroshi, a cike gurabe da gajerun layuka masu kama da gashi, a sake tajewa. Wannan ya wadatar ba sai an kai reza ba, wadda malamai ma sun yi magana a kanta. Leɓe in ya bushe, lasa ƙara busar da shi yake yi. A shafa basilin ko man kaɗanya da dare, sau ɗaya a mako a goga ɗan sukari da zuma a hankali. Jan baki mai bushewa a leɓe yana daɗewa, amma da hunturu tsaga leɓe yake yi, a ajiye shi sai damina.

Sai batun alwala, wanda masu bidiyon ƙasashen waje ba su san da shi ba. Sananne ne cewa duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata sai an gusar da shi, kuma kayan da aka rubuta musu ba sa jin ruwa, da jan farce, da ƙumbar kanti, da gashin ido na mannawa, daidai wannan suke yi. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne, nawa dai shawara ce ta aiki: mace ta tsara kwalliyarta da sanin cewa za ta wanke ta da azahar. Wadda ta sa hoda da kwalli da man leɓe kawai, minti biyu ya ishe ta ta gyara bayan salla. A jaka a riƙe ƙaramin tawul mai tsabta, ɗan mai, man kariya da hoda. Bayan alwala a danna tawul ba gogawa ba, a mayar da mai, domin ruwan da ke bushewa a fuska sau biyar a rana da hunturu yana tafiya da danshin fata.

Maganar kwalli tana buƙatar natsuwa, domin abu ne da muka gada, kuma yana da asali a sunna. Matsalar ita ce dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa ana ɗurawa a tandu, sau da yawa dutsen dalma ne. A shekarar 2011 a birnin Boston na Amurka, an gano dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya mai wata shida, da aka bi sawu sai aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalmar ta shiga ciki, ta taɓa ƙwaƙwalwa a hankali ba tare da wata alama da uwa za ta gani ba. Ido ba ya iya bambance dutse mai dalma da marar ita. Don haka kwallin dutse da ba a san asalinsa ba kada ya je idon jariri ko cibiyarsa, mai ciki ma ta haƙura da shi. Manya su nemi gazal ko fensirin ido mai rajista. Kuma kowa da nata maciyin kwallin, domin ta nan ciwon idon nan na afolo ke zaga gida guda.

Jan lalle na ganye ba shi da matsala ga mafi yawan mutane. Baƙin da ke kamawa cikin rabin awa kuwa, galibi sinadarin rinin gashi ne a cikinsa, wanda ake kira PPD, kuma ba a yi shi don ya zauna a fata ba. Wasu yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa daidai shatin zanen, bayan kwana biyu har zuwa mako biyu, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, karo na gaba ya fi muni, har rinin gashi ma ba za ta ƙara iya yi ba. Dilka, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, ta jiki ce, sau ɗaya a mako ko biyu ya isa, kuma a tambayi mai yi abin da ta zuba a ciki, don yanzu akwai masu cuɗa ta da mayukan da na ambata a sama. Halawar cire gashi kada ta taɓa fatar da ake shafa wa sitiroyid ko tretinoin, tana iya ɗaye ta.

Kayan aikin ma suna tsufa. Soson kwalliya a wanke shi da sabulu aƙalla sau ɗaya a mako, in da hali bayan kowane amfani, a shanya shi a sarari, kada a jefa shi jiƙe cikin jaka ya yi funfuna. Buroshi ma duk mako, a kwantar da shi ya bushe don kada ruwa ya gangara ya saki gashinsa. A jikin yawancin kayan akwai hoton ƙaramar roba a buɗe da lamba kamar 6M ko 12M, ma'ana wata shida ko sha biyu daga ranar da aka buɗe, kuma zafinmu na iya rage wannan wa'adin, musamman in ana barin su a mota ko bakin taga. Duk abin da ya sauya wari, ko mai ya rabu da ruwa a cikinsa, a yar. Maskara ita ce mafi gajeren rai, wata uku kacal, kuma idan ta bushe kada a ɗiga mata ruwa, balle miyau.

Wassalam.

Daga wata mai sana'ar kwalliya da gyaran fata, Kano.